Sanƙiran da Bai Tsallake Suna Ba

Duk wanda ya taɓa yin sallar asuba a masallacin zangon Yendi ya san abin da zai tarar in ya fito. A gindin darbejiyar da ke ƙofa, Baba Gariba ya riga ya shimfiɗa buzunsa, ya kwance huhun goro a gabansa. Sai ya ɗaga ganyen fita a hankali, ya yayyafa ruwa, ya bi goron ɗaya-ɗaya da yatsa yana neman wanda sankara ta shiga. Marsa gefe guda, ƙanana gefe guda, daushe kuma, wato goron bara, yana da nasa ƙunshin da ba ya barin kowa ya taɓa. Goron ba nasa ba ne. Na masu suna ne da masu ɗaurin aure da masu sadakar mamaci, suka kawo masa domin shi ne mai rabawa. Abin dariya, mutumin da goron zango duka ke bi ta hannunsa haƙori biyu suka rage masa, nasa sai ya goga a magogi kafin ya kai baki. Shagon ɗinkina yana kallon bishiyar nan, don haka na fi shekara ashirin ina ganin wannan aiki ta saman kekena.

Baba Gariba sanƙira ne. A Salaga aka haife shi, cikin tsofaffin gidajen Hausawa, mahaifinsa yana ɗaure wa fatake huhu. Ya zo Yendi yana saurayi, amma har gobe bai yarda a manta daga ina ya fito ba. Ko me ka yi a gabansa, sai ya ce a Salaga ba haka ake yi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ya sauka daga aikin, saboda muryarsa ta tafi, in yana magana sai ka kai kunnenka bakinsa. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko kaza ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san zangonmu ba, bari in faɗi yadda rabon goro yake. In an shafa fatiha, sanƙira yakan miƙe ya kira sunan liman, sai sarkin zango, sai malamai, sannan ya bi masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa a ba shi rabonsa. Wanda ya yi tafiya, ko yana Kumasi ko yana Makka, za a kira shi, a ware nasa a kai gidansa. Wanda ya rasu ne kawai sunansa ke fita, ɗansa ya shiga madadinsa. Mutum iri biyu ke nan a wurin sanƙira, mai rai da mamaci. Kakanninmu ba su tanadi wuri na uku ba, don ba su san za a yi zamanin da mutum zai ɓace a hannun hukuma ba.

A cikin malaman da Baba Gariba ke kira akwai Malam Sualihu, wanda Dagombawa ke ce wa Afa Sualihu. Lokacin da siyasa ta shigo mana gabanin samun 'yanci, motoci masu tuta suna zagaya gari, zango ya rabu har wa da ƙane suka daina cin tuwo tare. Malam bai shiga kowace jam'iyya ba, amma bai yi shiru ba. Bayan la'asar a zaurensa yakan ce mana ƙuri'a shaida ce, shugabanci kuma amana. Akwai misalinsa da ban taɓa mantawa ba. Ya ce liman in ya yi mantuwa a salla, mamu ba sa jan rigarsa su kayar da shi, ba sa kuma zuba masa ido. Tasbihi suke yi har ya ji ya gyara. Ya ce haka talaka zai yi da mai mulki.

Bayan 'yanci da kaɗan aka yi dokar da ta ba gwamnati damar tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. Ciyaman ɗin jam'iyya mai mulki a unguwarmu a lokacin wani ne Mutala, ɗan zango, tare muka yi wasan ƙasa. Ya zo ya nemi Malam ya tashi a masallaci ya ce wanda duk bai bi jam'iyyar ba ya saɓa wa Allah. Malam ya ce zai yi wa ƙasa addu'a, zai roƙa wa shugabanni shiriya, amma wannan magana ba zai faɗe ta ba, don ba gaskiya ba ce. Ba a jima ba wata safiya motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar zaurensa. Da buta da carbi kawai Malam ya shiga motar. Ya bar matarsa Atikatu, 'yar Bawku, da 'yarsu Hanatu tana goye.

Kafin azahar samari sun taru da adduna da kwalbar kananzir za su gidan Mutala. Mata sun ga abin da ya faru, ni ma na gani. Baba Gariba ya tsaya a bakin lungun, ba sanda a hannunsa, ya ɗaga muryar nan da ake ji daga kasuwa ya fara kiransu, kowane da sunansa da sunan ubansa da na kakansa, kamar ana rabon goro. Saurayin da aka kira sunan kakansa a bainar jama'a, hannunsa yakan yi sanyi.

"Malam tasbihi ya koya muku ko ashana?" in ji shi. "A gidan nan akwai tsohuwa, akwai mai ciki. Ku ƙone su, gobe a kwashe ku, a ce ga almajiran Sualihu. Wannan ne taimakon da za ku yi masa?"

Suka watse suna gunaguni. Wasu har suka ce tsohon matsoraci ne, ya ci goron jam'iyya. Ya ji su, ya koma gindin darbejiyarsa.

Daga nan tsoro ya sauka a zango. Sunan Malam ya zama abin da ba a faɗa sai a raɗa. Masu zuwa rijiya suka sake hanya don kada a gan su a ƙofar gidansa. Ana haka mai cikin nan ta gidan Mutala ta haihu, aka tara mutane suna, aka zuba goro mai yawa don a san ciyaman ne. Baba Gariba ya miƙe, ya kira liman, ya kira sarkin zango, ya shiga malamai. Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran ya tsallake.

"Malam Sualihu!" Ya faɗa da ƙarfi kamar kullum. "Yana tafiya. Rabonsa yana nan."

Mutala ya taso ya kama hannun rigarsa. "Baba, wannan suna ka bar shi. Gwamnati ba ya so koraa, ko kaɗan. A gida na ma?"

"Ya mutu ne, ciyaman? Kai ka fi mu sanin inda yake. In ya mutu ka faɗa mini in yi shela, a yi masa salla."

"Ni ban ce ya mutu ba."

"To mai rai ba a tsallake shi."

Ya ƙulla goron a ganye, ya ci gaba da kira har ƙarshe. Da aka tashi ya ratsa tsakiyar zango da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar da kowa ke gudu, ya yi sallama yadda maƙwabta duka za su ji. "Atikatu, ga rabon maigida." Haka ya yi a wannan suna, haka ya yi a na gaba, haka ya yi a kowane ɗaurin aure da kowace sadaka. Atikatu ba ta cin goro. Takan karɓa da hannu biyu ta zuba a wata tukunyar ƙasa, ta ce sai mai shi ya dawo. Hanatu kuwa da ta fara wayo, in ta hango tsohon sai ta ruga ciki tana cewa Baba ya aiko da goro. Iyakar abin da ta sani na mahaifinta ke nan.

Kai ne, Baba, ka nuna mana cewa tsakanin ɗaukar adda da kama baki akwai wata hanya. Ba ka zagi gwamnati ba, ba ka jefi kowa ba. Aikinka kawai ka ƙi yi rabi. Samarin da suka kira ka matsoraci, cikinsu ba wanda ya taɓa raka ka ƙofar gidan nan.

Ba a ƙyale shi ba, ai. Shekarar da aka kira mutane su jefa ƙuri'a a kan mayar da ƙasa ta jam'iyya ɗaya, Mutala ya umarce shi ya zagaya zango ya gaya wa kowa akwatin da zai jefa. Baba Gariba ya zagaya ɗin. Abin da ya faɗa shi ne: "Gobe ranar ƙuri'a ce, kowa ya fito. Ƙuri'a shaida ce, kowa ya ba da wadda zai iya maimaitawa a gaban Allah." Kafin ya gama zagayen aka ɗauke shi. Ya yi makonni a ofishin 'yan sanda yana kwana a kan siminti cikin sanyi, sai da liman da dattawa suka yi ta sintiri aka sake shi. Ya fito da tari, kuma tun daga wannan tarin muryarsa ta fara raguwa. Sunan farko da aka yi bayan fitowarsa, ya kira Malam Sualihu yana tari.

Cikin shekarar ne kuma yayan Atikatu, Wahabu, ya zo daga Bawku a motar albasa. Mutum ne mai zafi amma mai son 'yar'uwarsa. Ya zauna a shagona yana huci, da Hausarsa ta Bawku wadda ba ta raba mace da namiji.

"Shekara huɗu, tela. Ba labari, ba komai. Atikatu yarinya ne har yanzu, ya zauna yana tsufa a banza. Na ce ya tashi mu tafi gida, ya ce shi ba ya zuwa. Wannan tsoho ne ya riƙe shi da goro."

Ya tsallaka gindin darbejiya ya roƙi Baba Gariba ya daina kiran sunan, ko ta haƙura. Ban ga laifin Wahabu ba, har yau ban gani ba. Tsohon ya daɗe yana juya goro a hannunsa kafin ya ce, "Ɗana, kawo mini wanda ya ga gawarsa, a ranar zan daina." Amma maganar ta shige shi. Da yamma ya je ya sami Atikatu a gaban yayanta, ya ce, "'Yata, goron nan ba igiya ba ne. In kina son komawa gida, liman zai duba miki hanya, ba wanda zai ga laifinki."

Ta ce, "Baba, kowa ya binne shi da ransa sai kai. Ranar da ka daina kira, ranar zan san ni kaɗai ce."

Wahabu ya koma Bawku shi kaɗai, bai yi wa tsohon sallama ba.

Da sojoji suka kifar da gwamnati aka buɗe gidajen yari, zango ya cika da murna. Atikatu ta kawo mini farin yadi da tsohuwar rigar Malam, ta ce in ɗinka masa sabuwa da wannan awo. Na zauna na yi mata aiki a wuya yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Kullum ita da Hanatu suna tasha, duk motar da ta shigo daga Tamale sai sun leƙa. Mutanen wasu garuruwa suka dawo. Rigar tana rataye a shagona har ta fara yin ƙura a kafaɗa.

Sai wata safiya wani ramammen mutum ya sauko daga motar Salaga yana tambayar inda sanƙira yake zama. Sunansa Osman, ɗaki ɗaya aka tsare su da Malam can kudu. Ya durƙusa a bakin buzun Baba Gariba, na bar keke na matso.

"Baba, ko ba a nuna mini ba na san kai ne. Afa yana kwaikwayon muryarka paa, sosai da sosai. In zaman ya yi mana nauyi sai ya tashi ya ce za a raba goro, ya kira sunan mutanen zangonku duka, mu yi ta dariya. Ba goro, amma kowa sai ya miƙa hannu."

"Yana ina?"

Osman ya kasa ɗaga kai. Ya ce damina ta biyu bayan an kama shi ciwon ciki ya kwantar da Malam, bai tashi ba. Su suka yi masa salla a cikin ɗakin, sahu a matse, kafin a zo a fita da shi. Inda aka binne shi ba wanda ya sani.

Baba Gariba ya yi salati, ya rufe huhun goron. Can ya dube ni ya ce, "Ɗanlarai, shekara huɗu ke nan ina kai wa mamaci goro. Wahabu ya fi ni gaskiya. Ni na tsare yarinyar nan a bakin ƙofa." Ban ɓoye hawayena ba. Shela aikinsa ce, ba mai yi masa. Ya fara zuwa gidan ya gaya wa Atikatu da bakinsa, sannan ya fita ya bi lungu-lungu yana sanar da rasuwar mutumin da ya ƙi yarda a binne da rai. A ƙofar masallaci muryar ta karye, sai da wani ya ƙarasa masa.

Wani abin baƙin ciki kuma, liman ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, saboda haka ta Atikatu ta wuce tun ba ta sani ba. Ko zaman makokin da kowace mace ke yi wa mijinta, wancan mulki ya ƙwace mata.

Ranar sadaka zango duka ya hallara, har da masu sake hanyar rijiya, su ne ma a sahun gaba. Wahabu ya zo daga Bawku. Da aka shafa fatiha sai Atikatu ta aiko da tukunyar nan, ta ce da goron da ke ciki za a yi sadakar. Aka juye a tabarma. Goron shekara shida ne, ya bushe ya yi baƙi ya yi tauri kamar tsakuwa, ba mai iya tauna shi. Baba Gariba ya miƙe ya fara kira da abin da ya rage masa na murya. Da ya zo wurin sunan Malam sai ya yi shiru na numfashi guda, domin Malam bai bar ɗa namiji da zai shiga madadinsa ba. Sannan ya wuce zuwa masu gida.

A lokacin sojoji sun kama Mutala, shi ma ba kotu, ba wanda ya san inda aka kai shi. Gidansa ne yanzu ake gudu.

"Mutala!" in ji Baba Gariba. "Yana tafiya. Rabonsa yana nan."

Wuri ya rikice. Wahabu ya tashi tsaye. "Goron Malam? A gidan wanda ya kashe shi? Baba, kana da hankali kuwa?"

"Ya mutu ne?"

"Allah ya sa ya mutu!"

"In ya mutu ku faɗa mini in yi shela. Yana da laifi, a kai shi gaban alƙali kowa ya ji, ni zan fara ba da shaida. Amma abin da aka yi wa Malam ba zai zama daidai ba don an yi wa Mutala."

Hayaniya ba ta kwanta ba sai da aka ji muryar Atikatu daga bayan zana, inda mata suke. Ba ta ɗaga ta sosai ba. Ta ce, "Baba, kai musu. Na san yadda matarsa take kwana."

Ya ƙulla busasshen goron a ganye, ya ratsa zango da rana tsaka. Wannan karon ma shi kaɗai ya tafi.

Bayan kwanaki Atikatu ta bi yayanta Bawku da Hanatu. Kafin motar ta tashi ta ce in ba Baba Gariba rigar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya fara neman gafararta, ta hana shi ƙarasawa. Ta ce shekarun nan ba shi ya cinye mata su ba, kuma in ba don sallamarsa a ƙofa ba da ta haukace. Ya ji, ya gyaɗa kai, amma na san har yau bai sauke abin daga ransa ba. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, na ce ya kawo in rage, ya ƙi. Ita yake sawa kowace Juma'a.

Baba Gariba na Salaga, mai kira ɗaya ga kowa, mun gode. Kai ne ka riƙe mana lissafin mutanenmu lokacin da masu mulki suke so mu manta da wasu. An ba ka wuya a mulkin da ya wuce, an zage ka a na yanzu, kuma ba ka sami komai ba sai tari da rigar mamaci. Allah Ya saka maka, Ya ji ƙan Malam Sualihu a inda aka kwantar da shi.

Yanzu ana ta cewa sojoji za su mayar da mulki, akwatin ƙuri'a zai dawo. Motoci masu tuta ma za su dawo, na sani, da masu cewa wane ba namu ba ne. Ina roƙon mutanen Yendi da na Salaga da na Bawku, duk wanda ya ci zaɓe, in aka ɗauke maƙwabcinku kada ku nemi ashana, kada kuma ku sake hanyar rijiya. Ku kira sunansa a fili, ku tambayi inda yake, ku taka zuwa ƙofar gidansa. Kada ku sake barin tsoho ɗaya ya yi tafiyar nan shi kaɗai.

Shekaranjiya aka yi suna na farko da Hudu, sabon sanƙira, ya raba goro. Baba Gariba yana zaune a gefe da magoginsa, yana jiran ya ga kuskure ya ce a Salaga ba haka ake yi ba. Hudu ya kira liman, ya kira sarkin zango, ya shiga malamai. Da ya zo wurin da sunan Malam Sualihu yake a da, sai ya yi shiru na numfashi guda, sannan ya wuce. Ba wanda ya gaya masa ya yi haka. Na dubi tsohon, na ga ya ajiye magogin ya rufe fuskarsa da hannun rigar.